Wilhelm Steinitz: Gwanin darar ces da ya koya wa 'yan wasa auna allo kafin kai hari

A tsakiyar ƙarni na 19, gwani a wasan dara na ces shi ne wanda zai far wa sarkin abokin karawarsa tun daga farkon wasa, ko da zai sadaukar da rabin dakarunsa. Wilhelm Steinitz, wanda aka haifa a birnin Prague a 1836, da wannan salon ya yi suna. Ya je Vienna karatun lissafi, amma ces ta ɗauke masa hankali har ya bar makaranta. Ya koma Landan a 1862, kuma a 1866 ya doke Adolf Anderssen na Jamus, uban masu kai hari, da ci 8 da 6.

A gasar Vienna ta 1873 ne aka ga ya sauya salo, kuma ya lashe ta. Fahimtarsa ita ce, idan ɓangarorin biyu suna kunnen doki, harin gaggawa ba zai ci wanda ya iya tsaro ba. Don haka kafin ɗan wasa ya tsara abin da zai yi, sai ya auna allon: wa ke riƙe da tsakiya, jerin ƙananan sojojin wa ya tsage, wane gida ne ba mai tsaronsa, sarkin wa ke fili. Daga nan sai ya riƙa tara 'yan ƙananan ribobi sannu a hankali. Idan rinjaye ya samu, to hari ya zama dole, in ba haka ba ribar ta zube.

Wasu 'yan zamaninsa sun ɗauki wannan a matsayin tsoro. Amsarsa ta zo a 1886 a Amurka, inda ya doke Johannes Zukertort da wasa 10 da 5, aka yi canjaras 5, ya zama zakaran duniya na farko a hukumance.

Sai dai mutum ne mai taurin kai. A littafinsa The Modern Chess Instructor na 1889 ya ba da shawarar wasu hanyoyin buɗe wasa masu ban mamaki, har da mayar da doki gefen allo. Mikhail Chigorin na Rasha ya ƙalubalance shi, suka gwada su a wasa biyu ta wayar tangarahu a 1890 zuwa 1891. Steinitz ya sha kashi a duka biyun. Ƙa'idar tasa ba ta faɗi ba, shi ne dai ya ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta.

A 1894 Emanuel Lasker, matashi ɗan shekara 25 da ya ƙware a darussan Steinitz ɗin, ya ƙwace kambun. Bayan ya sake shan kaye a hannunsa a Mosko, an kwantar da Steinitz a asibitin masu taɓin hankali. Ya mutu cikin talauci a New York ranar 12 ga Agustan 1900.