Imhotep, Magini na Farko da Ya Gina Dala

A ƙasar Masar, kamar mil 20 kudu da birnin Alƙahira, akwai wani wuri a bakin hamada da a ke kira Sakkara. A can ne dala mafi tsufa ta Masar ta ke. Siffarta kamar dalar gyaɗa ce irin wadda a kan tara a Kano a da, gindi da faɗi, kai a tsuke, amma ita da dutse aka gina ta. Mutumin da ya tsara ginin sunansa Imhotep.

Imhotep ya yi zamani wajen shekara 2650 kafin haihuwar Annabi Isa. Babban na hannun daman Sarki Zoser ne, shi ne mai riƙe da hatimin sarki, shi ne kuma shugaban masassaƙa. A lokacin nan, in sarki ya mutu, a kan rufe shi a cikin rami, a gina wani ɗaki mai shimfiɗaɗɗen kai a bisansa da tubalin laka, kamar babban dakali. To, laka ba ta daɗewa kamar dutse, ga shi kuwa Masarawa sun ɗauka in gawar sarki ta lalace, ransa ba zai sami hutawa ba.

Sai Imhotep ya yi shawarar gina wa ubangidansa kabari da dutse. Ma'aikata suka fasa farin dutse da kurfi na jan ƙarfe, gama ba su da baƙin ƙarfe. Da farko suka sassaƙa shi ƙanana ƙanana kamar tubali, don ba su saba da shi ba tukuna. Suka haƙa rami mai zurfin ƙafa 90, suka gina dakali ɗaya a kansa. Daga baya aka faɗaɗa shi, aka ɗora wani ƙarami a bisa, aka ƙara wani, har suka zama hawa 4. Aka sāke faɗaɗa gindin, aka mai da su hawa 6. Tsawon dalar ya kai ƙafa 200, babu gini mai tsawonta a duniya a zamanin.

Me ya sa ba ta rushe ba har yau? Da fari, gindinta ya fi kanta faɗi ƙwarai, saboda haka yawancin nauyin yana ƙasa. Na biyu, Imhotep bai jera duwatsun a kwance sosai ba, sai ya karkata su zuwa ciki, kowane jeri yana jingine da na bayansa. Nauyin da zai ture gini waje, shi ne ya ƙara danne shi wuri ɗaya. Na uku, a kan dutse aka kafa ta, nesa da ambaliyar Kogin Nilu, a ƙasar da ruwan sama ba shi da yawa. Duk da haka girgizar ƙasa ta 1992 ta raunana ta, aka yi shekara 14 ana gyara, aka gama a 2020.

Maginan da suka biyo baya sun koya daga aikinsa. Kafin a cika shekara 100, sun gina babbar dalar Sarki Kufu a Giza, mai tsawon ƙafa 481, da manyan duwatsu waɗanda aka ja da igiya a kan katako.

Masarawa ba su manta da Imhotep ba. Marubuta sukan ɗiga ruwa kaɗan don tunawa da shi kafin su soma rubutu. Bayan shekara kamar 2,000 da mutuwarsa, da ya ke masu bautar gumaka ne, suka mai da shi abin bauta, marasa lafiya suna neman waraka da sunansa. A 1926 masu haƙa suka tarar da sunansa a rubuce tare da na Zoser a gindin wani mutum-mutumin sarkin, girmamawar da ba safai a kan yi wa bara ba.

Har yanzu ba a gano kabarin Imhotep ba. Amma wanda ya gina wa ubangidansa yana nan tsaye bayan shekara fiye da 4,600.