Tolkien: Malamin da ya ƙirƙiro harsuna, sannan ya nema musu masu magana

A ranar 2 ga Satumba, 1973, John Ronald Reuel Tolkien ya rasu a garin Bournemouth da ke kudancin Ingila yana da shekara 81. Duniya ta san shi da littattafan The Hobbit da The Lord of the Rings, waɗanda aka mayar da su fina-finai. Amma tulin takardun da ya bari ya nuna inda zuciyarsa take: jerin kalmomi, da saiwoyinsu, da ƙa'idojin sauyin sauti, na harsunan da babu wata al'umma da ta taɓa magana da su. Ya shafe kusan shekara 60 yana gina su yana rushewa. A wata wasiƙa da ya aike wa kamfanin da ke buga littattafansa a Amurka a 1955, ya bayyana cewa harsunan ne suka riga zuwa, labaran kuwa an shirya su ne domin harsunan su samu duniyar da za su zauna a ciki.

An haife shi ranar 3 ga Janairu, 1892, a Bloemfontein, cikin ƙasar da ake kira Afirka ta Kudu a yau, inda mahaifinsa Arthur yake manajan banki. Yana ɗan shekara 3 mahaifiyarsa Mabel ta tafi da shi da ƙanensa Hilary Ingila, da niyyar maigidan zai biyo su. Bai biyo su ba. Zazzaɓi ya kashe shi a Fabrairun 1896. Mabel ta zauna da 'ya'yanta a ƙauyen Sarehole kusa da Birmingham, ita ce kuma ta fara koya wa Ronald Latin da Faransanci. A 1900 ta shiga ɗarikar Katolika, dangi suka juya mata baya suka yanke ɗan taimakon da suke yi. Ciwon sukari ya yi ajalinta a Nuwamban 1904, tana da shekara 34. Wani limamin coci, Fada Francis Morgan, shi ya riƙe marayun biyu.

A waɗannan shekaru na rashi ne kunnensa ya buɗe. Sun taɓa zama a wani gida da bayansa ke kallon layin dogo, inda taragwanin kwal ke wucewa ɗauke da sunayen garuruwan Wales. Yaron bai san ma'anar ko ɗaya ba, amma siffar kalmomin ta kama shi. Duk wanda ya tashi a garin jirgin ƙasa irin Kafanchan, mahaɗar da layin Fatakwal da Inugu ya iso a shekarun 1920 har ya yi reshe zuwa Jos, ya san yadda tasha ke kawo wa yaro baƙin sunaye tun kafin ya san inda suke a taswira.

Ƙirƙirar harshe ta fara masa ne a matsayin wasa, irin yadda yaran Hausawa ke yin zaurance don kada manya su gane hirarsu. 'Yan uwansa mata biyu, Mary da Marjorie Incledon, suna da wani zaurance da suka gina da sunayen dabbobi. Daga nan shi da Mary suka haɗa wani mai suna Nevbosh, wanda karkatattun kalmomin Turanci da Faransanci da Latin ne. Sai ya yi nasa shi kaɗai, Naffarin, mai ƙamshin Sifaniyanci. A makarantar King Edward ya ci karo da littafin Joseph Wright na koyon harshen Goth, harshen da ya mutu tuntuni, wanda mafi yawan abin da ya rage daga cikinsa fassarar Littafi Mai Tsarki ce ta ƙarni na 4. Da ya ga giɓi a kalmominsa, sai ya shiga ƙirƙiro waɗanda ya lissafa cewa ya kamata a ce Gothawa sun mallaka. A nan wasa ya fara zama ilimi.

Ya shiga kwalejin Exeter ta Jami'ar Oxford a 1911 don nazarin Girkanci da Latin, amma hankalinsa ya tafi wani wuri. A ɗakin karatun kwalejin ya samu littafin nahawun harshen Finland, ya kuma ƙaunaci tsarin sautinsa da yadda yake jera ɗafa-ƙeya a bayan suna. Sakamakonsa na 1913 bai kai yadda aka zata ba, sai ya koma sashen Turanci, inda ya fita da daraja ta ɗaya a 1915. A shekarar ce ya buɗe ɗan littafin rubutu ya fara ƙamus na harshen da ya kira Qenya, wanda daga baya ya zama Quenya, ana furta shi Kwenya.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse komai. Ya auri Edith Bratt, marainiya irinsa, a watan Maris na 1916, bayan Fada Morgan ya hana shi ko rubuta mata wasiƙa har sai da ya cika shekara 21. A watan Yuni aka tura shi Faransa a matsayin jami'in sadarwa, ya ga yaƙin Somme da idonsa. Biyu daga cikin aminansa uku na makaranta, Rob Gilson da Geoffrey Smith, ba su dawo ba. Shi kuwa zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa a ramukan yaƙi ne ya mayar da shi gida a watan Nuwamba. Yana jinya ya fara rubuta labaran farko, a 1917 kuma ya shirya ƙamus na harshe na biyu, Goldogrin, wanda bayan sauye-sauye masu yawa ya zama Sindarin.

Masu waɗannan harsuna a labaransa su ne Elf, a ce musu Elfawa. Ba aljanu ba ne, ba kuma iskoki ba. Halittu ne masu siffar mutum, waɗanda tsufa ba ya kashe su, sun kuma riga 'yan Adam zuwa duniya. Sunan da suke kiran kansu, Quendi, yana nufin masu magana.

Abin da ya raba Tolkien da sauran masu ƙirƙirar harshe shi ne bai tsaya ga ƙera kalma ya ba ta ma'ana ba. Ya fara ne da kaka, wato wani tsohon harshe guda, sannan ya bar shi ya rabu gida biyu bisa ƙa'idojin da ba sa saɓawa, kamar yadda Faransanci da Sifaniyanci suka fito daga Latin. A tsohon harshen, bishiya ita ce galadā. A Quenya sautin g na farkon kalma yakan faɗi, wasalin tsakiya ya shige, sai ta zama alda. A Sindarin g ya zauna, wasalin ƙarshe ya tafi, d ya yi laushi, sai ta zama galadh. Saiwar KWET, ta magana, ta ba da quet- a Quenya, amma ped- a Sindarin, domin duk inda tsohon harshen ke da kw, Sindarin na mayar da shi p. Wannan ba shaci-faɗi ba ne: irin wannan bambanci ne ke tsakanin harsunan Ireland da Wales, inda kalmar kai take ceann a ɗaya, pen a ɗayan. Azurfa kuma tyelpë ce ko telpë a Quenya, celeb a Sindarin. Mai jin Tyap da ya saurari Bajju ko mutumin Gworok, ya riƙa gane kalmominsa sanye da wata riga, ya san wannan dangantaka a aikace ko da bai taɓa shiga ajin nazarin harshe ba.

Kowane harshe ya ba shi halinsa. Quenya ya ɗauko tsarin Finland: ana liƙa -nna a ƙarshen suna don nufin zuwa ga, -llo don daga, -ssë don a cikin. Har aron kalmomi ya yi kai tsaye, irin su tul-, zuwa, da anta-, bayarwa. Sindarin kuwa ya bi Wales, yana sauya baƙin farkon kalma gwargwadon abin da ya gabace ta, yana kuma yin jam'i ta hanyar juya wasulan ciki: adan mutum, edain mutane, amon tudu, emyn tuddai, orch, yrch. Bature na ganin wannan abin mamaki. Bahaushe mai cewa gulbi da gulabe, birni da birane, kasko da kasake, ba zai ga baƙon abu ba.

Daga waɗannan saiwoyi ne sunayen da masu kallon fim suka haddace suka fito. Mor duhu ne, dôr ƙasa, shi ya sa Mordor take ƙasar duhu. Gond dutse, Gondor ƙasar dutse. Moria baƙin rami. Mithrandir, sunan da Elfawa ke kiran Gandalf, matafiyi mai ruwan toka. Saiwar EL ta ba da elen, tauraro, da Eldar, mutanen taurari. Ba ya son masu karatu su riƙa lalubo wa sunayen asali a waje. A 1967 ya rubuta doguwar amsa ga wani mai karatu yana musanta cewa Moria na da alaƙa da dutsen Moriya na Littafi Mai Tsarki. Sai dai ya amsa aro inda aka yi aro. Sunan Eärendil ya samo shi ne daga Earendel, wanda ya gani a wata tsohuwar waƙar addini ta Turancin dauri tun yana ɗalibi. Daga baya ya ƙera masa asali na Quenya, daga kalmar teku da ɗafin da ke nufin masoyi. Ya kuma tuna cewa gond ta samo asali ne daga wani littafi da ya karanta yana yaro, wanda ya ce ond na nufin dutse a harshen mutanen da suka riga Keltawa zama a tsibiran Birtaniya.

Duk wannan a ɓoye yake yin sa, da dare, bayan aikin neman abinci. Daga 1919 zuwa 1920 ya yi aiki a babban ƙamus na Oxford, yana bin asalin kalmomin harafin W, irin su walrus da wasp da winter. Ya koyar a Leeds daga 1920, ya dawo Oxford a 1925 a matsayin farfesan Turancin dauri, ya hau wata kujerar a 1945, ya yi ritaya a 1959. Sai a 1931 ya yarda ya bayyana sirrinsa a wata lacca, yana mai kallon abin a matsayin ɗabi'ar da ake jin kunyarta. Wajen 1937, shekarar da aka buga The Hobbit, ya tsara jerin saiwoyi da ake kira The Etymologies, shekaru uku kacal bayan G. P. Bargery ya fitar da ƙamusunsa na Hausa a 1934. Mutum biyu 'yan ƙasa ɗaya, ɗaya yana bin garuruwa yana tattara kalmomi daga bakin masu su, ɗaya yana zaune a ɗakinsa yana haifar su.

Tsananin bin ƙa'ida ya zame masa sarƙa. Wajen 1968 ya rubuta wata maƙala yana ƙoƙarin sauya asalin -ros da ke sunan Elros, ya mayar da shi kalmar harshen 'yan Adam. Ya gina hujjoji shafi bayan shafi, sannan ya tuna cewa a littafin da aka riga aka buga ya fassara sunan tsibirin Cair Andros da jirgin ruwa mai dogon kumfa, wanda ke tabbatar da cewa ros kalmar Sindarin ce. Sai ya rubuta a jikin takardar cewa yawancin aikin ya rushe. Ba wanda zai kama shi da ya yi shiru, amma bai iya ba. Wannan hali ne ya sa The Silmarillion, littafin da ya fi ƙauna, bai kammalu ba a rayuwarsa, ya kuma sa wasu abokan aikinsa ganin cewa ya ɓarnatar da basirar da ya kamata ta tafi ga bincike. Akwai gaskiya a ƙorafin nasu. Kuma duk da abin da masoyansa ke faɗa, Quenya da Sindarin ba su cika harsunan da za a yi ciniki da su a kasuwa ba. Kalmominsu na taurari da teku da baƙin ciki sun fi na girki yawa.

A waɗannan shekaru na ƙarshe ne kuma ya rubuta abin da ya fi taɓa rayuwar mutane ta zahiri. Ya lura cewa a Quenya wani tsohon sauti mai kama da th na Turanci ya koma s, sai ya tambayi kansa dalili, ya kuma amsa da labari. Mahaifiyar Fëanor, Míriel, da tsohon sautin take magana. Bayan rasuwarta mahaifinsa ya sake aure, Fëanor kuwa ya ɗauki barin wannan sauti a matsayin cin mutuncin uwarsa, har furuci ya zama alamar wanda ke tare da shi da wanda ke tare da 'yan ubansa. Sunan maƙalar ya fito ne daga sura ta 12 ta Littafin Mahukunta, inda aka tare mutane a mashigin Kogin Urdun aka kashe su saboda yadda suke furta kalma guda. Mutanen kudancin Kaduna ba sa buƙatar a yi musu bayanin nauyin suna: waɗanda aka daɗe ana kira Kaje da Katab da Kagoro sun nace a kira su Bajju da Atyap da Agworok, Kafanchan kanta kuma Fantswam ce a bakin masu ita.

Edith ta rasu ranar 29 ga Nuwamba, 1971. Ɗansu Christopher ne ya tattara The Silmarillion ya buga a 1977, ya fitar da The Etymologies a 1987. Ƙamus na Goldogrin bai ga haske ba sai 1995, na Qenya kuwa sai 1998, shekara 83 bayan ɗalibin Oxford ya buɗe shafinsa na farko. Kabarin miji da mata ɗaya ne, a maƙabartar Wolvercote da ke arewacin Oxford. A ƙarƙashin sunan Edith an sassaƙa Lúthien, 'yar Elfawan da ta bar dawwama saboda ɗan Adam. A ƙarƙashin nasa, Beren.