Kathleen Drew-Baker: Baturiyar da Japanawa ke kira Uwar Teku

A ranar 14 ga watan Afrilun kowace shekara, masu noman ciyawar teku kan taru a garin Uto na ƙasar Japan, a gaban wani dutsen tunawa da aka kafa a 1963, domin karrama wata masaniya 'yar Ingila.

An haifi Kathleen Drew a garin Leigh a 1901. Ta karanta kimiyyar tsirrai a Jami'ar Manchester, ta kammala a 1922, aka kuma ɗauke ta koyarwa. Amma da ta auri Henry Wright-Baker a 1928 sai ta rasa aikin, domin a wancan zamani jami'ar ba ta riƙe matan aure. Haka ta ci gaba da bincike ba albashi.

Ta fi mayar da hankali kan wata ciyawa mai suna Porphyra, wadda ke fitowa a duwatsun gaɓar tekun Wales. Danginta ce Japanawa ke kira nori, suna busar da ita su naɗe shinkafa.

Shekaru aru-aru manoman Japan suna kafa sanduna a bakin teku suna jiran nori ta kama, ba tare da sanin inda take ɓuya a lokacin zafi ba. Tamkar manomin gero ne da bai taɓa ganin iri ba. A ƙarshen shekarun 1940, bayan guguwa ta yi ɓarna, noman ya durƙushe, ga kuma yunwar da Yaƙin Duniya na Biyu ya bari.

A 1949 ta wallafa ɗan gajeren rahoto a mujallar Nature. Ta nuna cewa wani jan zare-zare da ke rayuwa cikin ɓawon kawa, wanda masana suka ɗauka tsiro ne na daban, ashe ciyawar ce a wani mataki na rayuwarta, kuma daga nan irin ke fitowa.

Masanin Japan Sokichi Segawa ya karanta rahoton. Zuwa 1953, Fusao Ota da abokan aikinsa a Kumamoto sun gano yadda za a reni irin a cikin ɓawo a shuka shi a jikin raga, noman ya farfaɗo a mashigin tekun Ariake.

Ita ce shugabar farko ta ƙungiyar masana wannan fanni ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1952. Ta rasu ranar 14 ga Satumban 1957, ba ta taɓa taka ƙasar Japan ba.