Alhaji Mamman Shata Katsina: Daga Tallan Goro Zuwa Jagorancin Makaɗa

Akwai gardamar da ba ta tsufa a tsakaninmu, 'yan kasuwar da ke kai da kawowa tsakanin Najeriya da Kamaru. Ana yin ta a wajen masu shayi a Briqueterie bayan lisha, ana yin ta a bakin shaguna a Tsinga, ana yin ta a cikin jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde idan dare ya raba barci ya ƙi zuwa. Gardamar ita ce: wane ne gwanin gwanaye a makaɗan Hausa, wane ne kuma aka ɗora shi a inda bai kai ba?

'Yan'uwanmu da suka fito daga ƙasar Sakkwato da Zamfara ba sa haɗa kowa da Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Wasu kuma Musa Ɗanƙwairo Maradun suke sa wa gaba. Dattawa kan tuna da Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Mahautanmu kuwa, in ba ka ambaci Ɗan Anace da waƙarsa ta Shago ba, ba ka fara magana ba. Amma duk inda gardamar ta zagaya, a kan mutum ɗaya take sauka, wato Alhaji Mamman Shata. Masoyansa sun ce ba a yi kamarsa ba. Masu suka kuma sun ce rediyo da kaset da kuɗin attajirai ne suka kambama shi. Yawancin samarin ƙungiyarmu an haife su bayan rasuwarsa, sun gaji gardamar ba su gaji labarin ba. Shi ya sa a wannan fitowa ta bikin cikar shekara muka ga ya dace mu kawo tarihinsa, kowa ya auna da kansa.

An haifi Muhammadu Shata a garin Musawa cikin ƙasar Katsina a shekarar 1923. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne. Mahaifinsa Ibrahim Yaro Bafulatani ne, kuma bai so ɗansa ya yi waƙa ba, domin a wancan zamani kiɗa roƙo ne, roƙo kuwa gado ne na wasu gidaje, ɗan wani gida ba ya shiga cikinsa sai da abin kunya. An sa shi makarantar allo kamar sauran yara. Da ya tasa sai ya shiga tallan goro, daga baya ya koma sayar da alewa. Wannan wuri ya kamata mu tsaya mu lura, domin goro shi ne tsohuwar hajar kakanninmu. Shi ya kai fatake Gwanja, shi kuma ya kawo wasu ta Yola da Banyo har tsaunukan Banso a nan Kamaru. Ashe kafin Shata ya zama makaɗi, ɗan kasuwa ne ɗan'uwanmu, ya san zaman jiran mai saye, ya san yadda ake karanta fuskar mutum tun bai buɗe baki ba.

A dandali ya fara waƙa, cikin samari da 'yan mata, don nishaɗi kawai, ba ya karɓar ko anini. Da sunansa ya fara fita sai ya bar talla, ya bar Musawa ya koma Bakori, inda wani ɗan sarautar Musawa, Abdullahi Inde, wanda ke aikin sayen auduga da gyaɗa a ƙarƙashin En'e, ya riƙe shi. Daga Bakori ya riƙa zagaya garuruwan ƙasar Katsina da Zazzau da Kano. A 1952 aka yi babban bikin 'ya'yan sarki a Kano, wanda aka aurar da 'ya'yan gidan sarauta da dama a lokaci guda, kuma a nan ne birni ya san da shi. Daga baya ya zauna a Funtuwa, garin auduga da tashar jirgin ƙasa da manyan motoci, ya yi kusan shekara 40 a can.

Abin kiɗansa kalangu ne, kuma a nan aka fara raina shi. Kowane kiɗa a ƙasar Hausa yana da gidansa. Kotso da taushi da jauje na fada ne. Kalangu kuwa na mahauta ne: shi ake kaɗawa a sanar da gari an yi yanka, shi ake kaɗa wa 'yan dambe, shi ne kuma kiɗan 'yan mata a dandali. Duk wanda ya san layin masu tsire a Briqueterie ya san irin mutanen da kalangu ke yi wa magana. Siriri ne a tsakiya, yana da fata a bakuna biyu, an haɗa su da tsarkiya. Makaɗi kan saƙale shi a hammata, in ya matsa murya ta hau, in ya sassauta ta sauka, shi ya sa yake iya kiran sunan mutum da takensa kamar da baki. Wannan kiɗa na kasuwa shi Shata ya ɗauka ya shiga da shi zaurukan sarakuna, har Sarkin Daura Muhammadu Bashar ya zama babban ubangidansa, ya kuma yi wa Sarkin Kano Ado Bayero da Sarkin Zazzau Shehu Idris waƙa.

Sai dai bai taɓa zama makaɗin fada ɗaya ba. Makaɗin fada yana da ubangida guda, shi ke ba shi gida da gona da doki da riga, shi kuma ba ya yi wa wani waƙa sai da izini. Shata na kowa ne. Ya yi wa sarki, ya yi wa attajiri, ya yi wa direban babbar mota, ya yi wa malami, ya yi wa manomi. Ya yi wa sojoji waƙa a lokacin yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. Ya yi wa Dajin Rugu waƙa. Ya yi waƙoƙin gargaɗi a kan noma da aure da neman na kai. Ya yi yabon Annabi, ya kuma yi wa mashaya waƙa, abin da malamai ba su taɓa yafe masa ba. Zambonsa kuwa abin tsoro ne, wanda ya ji Gagarabadau ya san haka. Yawan waƙoƙinsa, ko shi kansa bai san adadinsu ba.

To, yanzu ga hujjar masu suka, kuma ba za mu rage mata ƙarfi ba. Sun ce a ɗauki waƙar Narambaɗa a saurara. An zauna an tsara ta, an yi ta maimaitawa da 'yan amshi kafin a kai ta gaban sarki. Jagora ya fara ɗa, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, wani lokaci har su yi ƙari. Cike take da tarihin Gobir da azanci da habaici ga 'yan sarki masu jiran gado, kowace kalma an auna ta. Waƙar Shata kuwa, in ji su, amshi ɗaya ne tak ake ta maimaitawa daga farko har ƙarshe, shi kuma yana ta jero sunayen mutane da garuruwa. Sun ƙara da cewa shi ba ya ma riƙe kalangun, yaransa ne ke kaɗawa. Sannan Narambaɗa ya rasu tun kaset bai zo ba, abin da aka ɗauka na muryarsa kaɗan ne, alhali Shata ya sami Rediyon Kaduna da faifai da kaset da talabijin. A ganinsu sa'ar zamani ce ta ɗaga shi.

Akwai gaskiya a ciki. A wajen zurfin magana da tsarin waƙar sarauta, mu ma Narambaɗa muke ba wa. Amma awon bai cika ba. Amshi ɗaya da ake gani kamar rauni, shi ne ya ɗora wa Shata dukkan nauyin waƙa a kansa shi kaɗai. Ba mai ƙarasa masa ɗa, ba mai rufa masa asiri in magana ta ƙare. Nan take yake ƙirƙira, a gaban jama'a, ya dubi mutum ya ji sunansa da garinsu da sana'arsa, ya gina masa waƙar da za a yi shekaru ana ji. Shi ya sa in ka saurari waƙarsa ɗaya a ɗauka biyu, da wuya ka ji ta zo iri ɗaya. Wannan baiwa daban ce da ta mai zama ya tsara, kamar yadda dillalin da ke yanke ciniki a tsaye a kara ya bambanta da mai shagon da ya rubuta farashi tun da safe. Kowanne gwani ne a fagensa. Batun rediyo kuma, makaɗa nawa suka shiga Rediyon Kaduna a zamaninsa? Da yawa. Nawa ake saurara yau a Garwa da Marwa da Duwala da Maraɗi da Kumasi? Rediyo yana kai murya nesa, amma ba ya tilasta wa kunne ya riƙe ta shekara hamsin.

Su biyun kowannensu yana da waƙar da ake kira Bakandamiya, inda ya wasa kansa ya nuna ya fi sauran makaɗa. Ashe gardamar da muke yi, su suka fara ta da bakinsu. Mai son ya yi hukunci da adalci, ya saurari biyun a zama ɗaya.

Shata ya taɓa siyasa. A shekarun 1970 ya zama kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, a jamhuriya ta uku kuma ya shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa, har aka tsige shi, domin mutum ne da ba ya iya ɓoye abin da ke cikinsa ko a gaban wa. Ya yi wasa a ƙasashen Afirka ta Yamma, ya je Ingila da Faransa da Amurka. Gwamnatin Najeriya ta ba shi lambar girma ta MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta, yaron da mahaifinsa ya ji kunyar sana'arsa, wanda bai taɓa zama a ajin boko ba. Bayan jinya a Kano da Jidda, ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999 a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka kai shi Daura aka binne, garin ubangidansa. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah, wanda ya kamata mai son ƙarin bayani ya nema. Allah ya jiƙansa da rahama.

Saura kashi na biyu na gardamar, wato wane ne aka ɗora a inda bai kai ba. Ba za mu ambaci sunan kowa ba, amma za mu faɗi wanda ke ɗorawar, domin mu ne. Tun da fada ta rage ƙarfi, aljihun ɗan kasuwa ne ke riƙe da mawaƙi. Mu ne muke gayyato shi biki, mu ne muke tashi mu yi liƙi da naira da sefa, kowa na so a ji sunansa ya fi na maƙwabcinsa a layi. Dukkanmu mun san ɗan'uwan da ya liƙa kuɗin da ba nasa ba, kuɗin kayan da ya karɓo bashi a Kantin Kwari ko a Kurmi, aka kira shi mai gida na dare ɗaya, da safe mai kaya ya bugo waya. Sana'armu a kan amana take tafiya. Mutum a Kano yana ɗora maka kaya har Yawunde ba tare da takarda ba, don ya san sunanka da na mahaifinka. Wannan suna mawaƙi ba ya iya ba ka shi, amma dare ɗaya na liƙi yana iya raba ka da shi.

Ga ma'aunin da tarihin Shata ya bar mana. Yawancin waɗanda ya yi wa waƙa sun rasu, dukiyarsu ta watse a hannun magada, wasu ma ba wanda zai iya nuna maka gidansu. Amma har yau direban da bai san ko wane ne Umaru Ɗanɗanduna na Gwandu ba yana sa waƙarsa ta raka shi daga Yola zuwa Ngaundere. Waƙar ta rayu bayan kyautar ta ƙare, bayan mai bayarwa da mai karɓa duk sun tafi. Mawaƙin da waƙarsa ba ta da mai saurare sai wanda aka ambata a cikinta da yaran shagonsa, shi ne wanda aka kambama, ko nawa aka liƙa masa.

Saboda haka ku ci gaba da gardamarku, tana rage tsawon hanya, tana kuma sa yaranmu da aka haifa a nan, waɗanda Faransanci ya fi zama a bakinsu, su ji Hausa mai nauyi. Sakkwatawa su riƙe Narambaɗansu, Katsinawa su riƙe Shatansu. Abin da muke roƙo shi ne, in mawaƙi ya zo bikin ɗayanmu, a saurari abin da ya iya kafin a sa hannu a aljihu, kuma abin da za a ciro ya zama daga riba yake, kada ya zama daga uwar kuɗi.