George Gamow (1904–1968): Masanin da Ya Gano Birkicewar Juyi Cikin Ƙwayar Zarra

An haifi George Gamow a birnin Odesa ranar 4 ga Maris, 1904, ya kuma yi karatun kimiyyar fiziks a Leningrad. Yana ɗan shekara 24 ya warware matsalar yadda ƙwayar alfa ke kuɓucewa daga cibiyar zarra, abin da ya fito da sunansa a Turai.

Da mulkin Stalin ya matsa wa masana, a 1932 shi da matarsa suka yi yunƙurin ƙetare Bahar Aswad zuwa Turkiyya cikin ɗan kwalekwale, amma guguwa ta komo da su. A 1933 suka halarci taron masana a Brussels, ba su sake komawa gida ba.

A Jami'ar George Washington ta Amurka, shi da Edward Teller suka faɗaɗa nazarin Fermi a 1936. Kowane furoton ko niyutoron yana da juyi irin na katantanwa. Su kuwa suka nuna cewa yayin narkewar beta, inda ɗayansu ke rikiɗewa ya zama ɗayan, alƙiblar juyin tana iya birkicewa.

Masanan Japan sun yi hasashe a 1963 cewa ƙarfin wannan birkicewa yana taruwa wuri guda, aka kuma tabbatar da haka a 1975. A 2012 masana a Jamus suka auna irin wannan narkewa mai tsananin ƙarfi a kuza-100, cibiya mai ƙarancin niyutoron.

Gamow bai ga wannan ba, domin ya rasu a Boulder ranar 19 ga Agusta, 1968.