Rachel Carson: Matar da ta Tambayi Inda Tsuntsaye Suka Tafi

 A fitowar bikin zagayowar shekara ta bana mun ɗauko tarihin wata baturiya 'yar Amurka mai suna Rachel Carson, wato Rahila a bakinmu. Ta rasu tun 1964, amma duk wadda ta taɓa riƙe kwalbar maganin ƙwari, ko ta wanke rigar maigida bayan ya dawo daga feshi, ko ta zuba wake a buhu don ajiya, to labarin nan ya shafe ta.

Tasowarta

An haifi Rachel ranar 27 ga Mayu 1907 a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Springdale a jihar Fensilbaniya. Ita ce autar gidansu cikin 'ya'ya uku. Suna da fili mai faɗin eka 65, amma fa kuɗi babu, domin harkokin mahaifinta Robert ba su cika tafiya ba. Mahaifiyarta Maria tsohuwar malamar makaranta ce, ita ce ke jan ta zuwa daji tana nuna mata tsuntsaye da tsirrai tana gaya mata sunayensu. Yarinyar ta taso da son rubutu, har wata mujallar yara ta buga labarinta na farko a 1918.

Ta shiga kwalejin mata ta Fensilbaniya da niyyar karanta adabin Turanci. Can sai ta haɗu da wata malama, Mary Scott Skinker, mai koyar da ilimin halittu, darasin ya shiga ranta, ta sauya fanni. A lokacin ana ganin kimiyya ba wurin mace ba ne. Don a biya mata kuɗin makaranta sai da iyayenta suka sayar da wani ɓangare na filinsu da kayan gida. Ta gama a 1929 da kyakkyawan sakamako, kuma a shekarar ne ta fara ganin teku da idonta. A 1932 ta sami digiri na biyu a jami'ar Johns Hopkins.

Nauyin gida

Ta so ta ci gaba har digiri na uku, amma tattalin arzikin Amurka ya karye a shekarun nan, dole ta bar karatu a 1934. Mahaifinta ya rasu a 1935. A 1937 yayarta Marian ta rasu ta bar 'yan mata biyu, riƙonsu ya dawo kan Rachel da mahaifiyarta. Kun ga ke nan, tana da shekara 30 ba ta cika ba ita ce mai ciyar da gida. Wannan hali ba baƙo ba ne gare mu.

Ta sami aikin wucin gadi a hukumar kula da kamun kifi ta gwamnati, tana rubuta gajerun shirye-shiryen rediyo kan rayuwar cikin ruwa. Ta zauna jarrabawar ɗaukar ma'aikata, ta fi kowa maki, a 1936 aka ɗauke ta cikakkiyar ma'aikaciya. Da rana tana ofis, da dare tana rubutun kanta. Littafinta na farko ya fito a 1941, makonni kaɗan kafin Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu, saboda haka bai yi kasuwa ba. Ba ta ajiye alƙalami ba. Na biyun, The Sea Around Us, wanda ya yi bayanin teku da abin da ke cikinsa, ya fito a 1951, ya yi mako 86 a jerin littattafan da aka fi saya. Da kuɗinsa ta bar aikin gwamnati a 1952. Ba ta taɓa aure ba. A 1957 ɗaya daga cikin 'ya'yan yayarta ta rasu ta bar yaro ɗan shekara 5 mai suna Roger, Rachel ta ɗauke shi ya zama ɗanta.

Maganin da kowa ke yabo

Yanzu bari mu koma kan maganin ƙwari. A 1939 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Paul Müller, ya gano cewa sinadarin DDT yana kashe ƙwari ƙwarai da gaske. A lokacin yaƙi an barbaɗa wa mutane shi a birnin Naples na Italiya don kashe ƙwarƙwata mai yaɗa annoba, an kuma yi amfani da shi kan sauro. Ya ceci rayuka da yawa, wannan gaskiya ne, har aka ba mutumin kyautar Nobel a 1948. Ga araha, ga daɗewa yana aiki. Da yaƙi ya ƙare sai aka sake shi kasuwa, aka shiga fesa shi da danginsa a gonaki da dazuzzuka da unguwanni, har da jirgin sama.

Tun 1945 Rachel ta ga rahotannin gwaji da suka tayar mata da hankali, ta nemi wata babbar mujalla ta ba ta dama ta yi rubutu a kai, ba a karɓa ba. Sai a Janairun 1958 wata ƙawarta, Olga Huckins, ta aiko mata da wasiƙa daga jihar Masacusets. Jirgi ya yi feshin sauro ta kan gidansu, bayan nan suka riƙa tsintar gawarwakin tsuntsaye a lambunsu. Rachel ta nemi wani marubucin ya ɗauki batun, ba ta samu ba, sai ta ɗaura ɗamara da kanta.

Shekara huɗu na bincike

Ba ta da ɗakin gwaji nata. Abin da ta yi shi ne tattara binciken da masana suka riga suka yi, wanda ke warwatse a mujallun da talaka ba ya karantawa. Ta rubuta wa likitoci da masana ƙwari da masana tsuntsaye wasiƙu, ta bi kowace magana har tushenta. Abubuwa uku suka fito fili.

Na farko, irin wannan magani ba ya lalacewa da wuri, kuma kitsen jiki yake bi ya taru. A wani tafki mai suna Clear Lake a Kaliforniya an zuba DDD, ɗan uwan DDT, a 1949 da 1954 da 1957 don kashe wasu ƙananan ƙudaje. Abin da aka zuba bai wuce kashi 1 cikin miliyan 50 na ruwan ba. Ƙananan halittun ruwa suka sha, ƙananan kifaye suka ci su, manyan kifaye suka ci ƙanana, tsuntsayen ruwa suka ci kifaye. Da tsuntsayen suka fara mutuwa aka auna kitsensu, sai ga maganin ya ninka na cikin ruwa wajen sau dubu 80. A jihar Mishigan ma an fesa wa itatuwa DDT, ganye ya zube, tana ta ci ganyen, tsuntsaye suka ci tanar suka mutu. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Na biyu, feshi ba ya bambanta abokin gaba da masoyi. Akwai ƙwarin da abincinsu ƙwarin gona ne, ga ƙudan zuma mai taimakon fure ya yi 'ya'ya. Idan aka kashe su gaba ɗaya, maɓarnatan ne ke fara farfaɗowa, kuma su dawo babu mai cinsu.

Na uku, ƙwari suna sabawa da magani. Cikin dubu da aka fesa wa, 'yan kaɗan masu ƙarfin jini sukan tsira, su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji taurin. Kafin 1950 an ga ƙudan gida ya daina jin DDT a wasu ƙasashen Turai. Mu ma nan abin ya faru: a tsakiyar shekarun 1950, a aikin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a yammacin lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, an gano sauro ya daina jin maganin dieldrin ba da daɗewa da fara feshinsa ba.

A fahimta da kyau, Rachel ba ta ce a daina amfani da maganin ƙwari kwata-kwata ba. Matsayinta shi ne a yi amfani da kaɗan, a inda ya zama dole, bayan an san illarsa, kuma a gaya wa jama'a gaskiya. Ta kuma nuna wasu hanyoyi. Akwai wani ƙuda mai zuba tsutsa a gyambon shanu. Wani masani, Edward Knipling, ya kiwata mazan ƙudan da yawa, ya mai da su marasa haihuwa, aka sake su. Matan suka yi ta ƙwai ba ƙyanƙyasa, a haka aka kawar da ƙudan daga tsibirin Curaçao a 1954, sannan daga jihar Fulorida, ba da guba ba.

Ciwo a ɓoye

Duk wannan aiki cikin jinya ta yi shi. Mahaifiyarta ta rasu a ƙarshen 1958. A 1960 aka yi wa Rachel tiyata aka cire mata mama ɗaya saboda sankara. Likitan bai gaya mata girman ciwon ba, sai bayan watanni ta ji gaskiya a bakin wani likita, lokacin ciwon ya riga ya yaɗu. Ta ɓoye rashin lafiyar ga jama'a, don kada masu adawa su ce ɗacin ciwo ne ya sa ta rubutun.

Littafin, mai suna Silent Spring, ya fara fitowa kashi-kashi a mujallar New Yorker a Yunin 1962, ya fito cikakke ranar 27 ga Satumba. Sunan yana nufin lokacin da sanyi ya wuce, itatuwa suka yi toho, amma ba a jin kukan tsuntsu ko ɗaya. Ta cika shafuka fiye da 50 a ƙarshensa da jerin inda ta samo hujjojinta.

Ai kuwa sai ƙura ta tashi. Kamfanonin magani suka kashe kuɗi masu yawa don ɓata littafin, wani ma ya yi barazanar kai ƙara kotu. Aka ce mace ce mai ruɗewa, aka yi gori da rashin aurenta, aka ce ba ta da digirin da zai sa ta yi magana. Ba ta rama zagi ba. A Afrilun 1963 ta fito a talabijin, sanye da gashin kanti saboda jinya, ta yi bayani a natse, miliyoyin mutane suna kallo. Ranar 15 ga Mayu kwamitin masana na shugaba Kennedy ya fitar da rahoto wanda ya goyi bayan yawancin abin da ta faɗa. Ranar 4 ga Yuni ta ba da shaida a majalisar dattawa. Ta rasu ranar 14 ga Afrilu 1964 a jihar Meriland, tana da shekara 56.

Abin da ya biyo baya

Ba ta ga sakamakon ba. A 1970 Amurka ta kafa hukumar kare muhalli, a 1972 ta hana amfani da DDT a gonaki. Gaggafar da ke tambarin ƙasar, wadda maganin ya sa ɓawon ƙwanta yake fashewa don rashin kauri, ta farfaɗo, har aka cire ta daga jerin masu fuskantar ƙarewa a 2007. A 1980 shugaba Carter ya ba Rachel babbar lambar yabo ta farar hula. A 2001 ƙasashen duniya suka sa hannu kan yarjejeniyar Stockholm ta taƙaita irin waɗannan magunguna, amma aka bar ƙofa ga ƙasashen da ke buƙatar DDT don feshin sauro a cikin ɗaki. Saboda haka masu cewa ita ce ta hana yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ba su yi mata adalci ba. Hasali ma ta yi gargaɗin cewa yawan feshi barkatai shi zai sa sauro ya daina jin magani.

To mu fa?

A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan dichlorvos a jikinsa, wato sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Su sun mayar, amma irin wannan waken wa ya ci? Mu da 'ya'yanmu, a ƙosai da alale. Alhali akwai buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda aka samo asalinsa daga binciken jami'ar Purdue da masana na Marwa a Kamaru. In an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwaron wake ya mutu da kansa, ba sai an zuba komai ba. Ga kuma 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa, masu korar ƙwari da dama a lambu.

In kuwa feshin ya zama dole, a karanta takardar jikin kwalba, ko a sa yaro ɗan makaranta ya karanta. Kada a ƙara ma'auni. A jira kwanakin da aka rubuta kafin a tsinki tumatir ko alayyafo. Mai ciki da mai shayarwa da yara su nisanci wurin feshi. A wanke kayan feshi dabam da na gida. Kwalba ko jarkar da ta ƙare, don Allah kada a zuba ruwan sha ko man gyaɗa a ciki. Kuma 'yar uwa, in kin ji ƙullutu a mama, je asibiti da wuri, ki tambayi likita har sai kin gane.

Rachel Carson ta riƙe marayu, ta yi jinyar uwa, ta yi fama da nata ciwon, duk da haka ta tsaya ta bincika abin da ake zubawa a abincin mutane. Mu ma idan za mu sayi magani ko hatsi, mu tambaya. Allah ya kare mu da iyalanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya maimaita mana.