Carl Auer von Welsbach

Carl Auer von Welsbach (an haife shi ranar 1 ga Satumba 1858, ya rasu ranar 4 ga Agusta 1929) masanin kimiyyar sinadarai ne ɗan ƙasar Ostiriya. An fi saninsa da gano ƙarafa biyu, neodymium da praseodymium, daga rukunin ƙarafa masu wuyar tacewa da ake sakawa a gilashin na'urorin haske.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a birnin Vienna. Mahaifinsa, Alois Auer, shi ne shugaban maɗaba'ar gwamnati. Ya yi karatu a Vienna, sannan ya tafi Jami'ar Heidelberg a Jamus, inda ya yi digirin digirgir a 1882 a hannun Robert Bunsen.

Ayyukansa

Tun 1841 masana suka ɗauki wani sinadari mai suna didymium a matsayin ƙarfe guda. A 1885 Auer ya riƙa narkar da gishirinsa yana barinsa ya sake daskarewa, yana maimaitawa, har ya rabu gida biyu: kore, wato praseodymium, da mai ruwan hoda, wato neodymium.

A shekarar ce kuma ya ƙirƙiro ragar da ake sa wa fitilar gas don ƙara mata haske. Ta farko ba ta karɓu ba, domin haskenta kore-kore ne kuma tana saurin karyewa, har aka rufe masana'antarsa. Bai karaya ba. A 1891 ya fito da sabuwa, wadda ta haskaka titunan biranen Turai. A 1903 ya haɗa cerium da baƙin ƙarfe, ya samar da ƙanƙarar da ke ba laita tartsatsi har yau.

Tasirinsa

Amfanin neodymium mafi girma ya bayyana ne bayan rasuwarsa. A 1961 Elias Snitzer na Amurka ya samar da hasken leza daga gilashin da aka saka wa neodymium. A yau masu bincike na auna leza a kan gilashi mai ɗauke da irin waɗannan ƙarafa: gurbin da hasken ya taɓa ya yi zafi, ƙwayoyinsa su jeru su zama kiristal, sauran gilashin kuwa ya tsaya yadda yake. Ta haka ake zana siraran hanyoyin da haske ke bi a cikin gilashi.

Rasuwa

Ya rasu a gidansa na Welsbach, a jihar Carinthia, yana da shekara 70.